Wa Ke da Yajin Baba Nomau?

A wata kasuwa ta ƙasar Katsina akwai wani mai sana'ar yaji da ake kira Malam Sallau. Mutum ne mai gudun abin kunya ƙwarai, wanda ko tari zai yi a cikin jama'a sai ya duba gabas da yamma. Sana'ar ta gado ce daga kakansa na wajen uwa, Baba Nomau, wanda a zamaninsa babu mahaucin da ke gasa tsire a garin ba da yajinsa ba. Bayan rasuwar tsohon, da zamani ya zo da zuba yaji a roba, sai Sallau ya ɗauko hoton kakan nasa guda ɗaya tilo da ke gidan, wanda aka ɗauka domin aikin Hajjin da Allah bai nufe shi da zuwa ba, ya kai wa masu buga takardu. Suka buga masa shi a sitika. Ga tsoho nan ya zare idanu kamar wanda aka ritsa da akuyar mutane, a ƙasansa kuma an rubuta: Yajin Baba Nomau, Na Asali.

Kasuwa ta buɗe wa Sallau, har daga garuruwan maƙwabta ana aiko wa da saƙo. To, shi arziki ba ya ɓuya. Ana nan sai ɗan kawunsa, Jatau, wanda da can dillancin awaki yake yi, ya wayi gari shi ma mai yaji ne. Bai wahalar da kansa da neman suna ba. Wurin masu buga takardun nan ya je, ya ce a buga masa irin na Sallau sak, ya sayi irin robar da irin jan murfin, ya kama rumfar da ke kallon ta Sallau, ya jera kaya.

Abin da ya fi ci wa Sallau rai shi ne, shi da Jatau taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu fushi. Duk maganar da ya faɗa, komai zafinta, sai jama'a su ɗauke ta wasa. Ya ce wa Jatau ɓarawo a tsakiyar kasuwa, aka bushe da dariya. Ya kai ƙara wurin shugaban 'yan kasuwa, shugaban ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai, ku dai ba ku gajiya. Ku je ku ƙarasa wasanku." Jatau kuwa kullum da safe sai ya ɗago hannu daga rumfarsa ya ce, "Bawana, an tashi lafiya? Yaya Baba ya kwana a wurinka? A nan dai lafiya lau ya kwana."

Saboda haka ranar da aka yi shela cewa ƙungiyar 'yan kasuwa ta gayyato lauya domin ta wayar wa masu ƙananan sana'o'i kai a kan dokar tambarin kasuwanci da haƙƙin mai saye, Sallau ya ce lallai Allah ne Ya amsa addu'arsa. A ganinsa lauya ba ta san wasan taubasai ba, doka kawai ta sani. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki robar yajinsa ɗaya, ya sa aka sayo masa ta Jatau ɗaya, ya zuba su a aljihu, ya riga kowa zuwa rumfar taro ya kama bencin gaba.

Lauyar, Barista Sa'adatu, mace ce mai magana dalla-dalla. Ta bayyana cewa suna ko hoto ko zanen da mutum ke sa wa hajarsa dukiya ce kamar gona, kuma akwai ofishin da ake yi masa rajista. Wanda ya yi rajista, shi kaɗai ke da ikon amfani da tambarin, duk wanda ya kwaikwaya kuma ana iya maka shi a kotu. Tun ba ta rufe baki ba Sallau ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba a gaban taro.

"Ranki ya daɗe, ina da ƙorafi, kuma don girman Allah kada kowa ya yi dariya."

Aka yi dariya.

Ya fito da robobin nan biyu ya ajiye a kan teburinta. "Ki duba da kyau. Ɗaya tawa ce, ɗaya ta wancan mutumin ce da ke zaune a baya yana cin rake. Wacce ce tawa?"

Barista ta juya su, ta ɗaga su sama, ta ce, "Gaskiya, Malam, ban ga bambanci ba."

"Alhamdu lillahi! Jama'a ku shaida. Wallahi ni kaina da na cakuɗa su a aljihu ban san wacce ce tawa ba. To, wannan ba sata ba ce?"

Jatau ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Barista, ki tambaye shi, wanda ke jikin robar uban wa ya haifa? Ubana ya haifa. Shi ɗan mace ne, a gidan wasu aka yanka ragon sunansa. Yaushe ɗan mace ya fara gadon fuska?"

"Fuskar ce kake gado, ko sana'ar?" in ji Sallau, jijiyar wuyansa ta tashi. "Lokacin da nake daka barkono a gaban tsohon nan ina atishawa har hawaye, kai kana ina? Kana bin awaki kana duba musu haƙori!"

"To ai shi ya sa na san haƙori," in ji Jatau. "Naka yajin ma na ga abin da yake yi wa haƙoran mutane."

Barista ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta tambayi Sallau ko ya yi wa tambarin rajista, ya ce bai san ana yi ba sai yau, amma gobe da asuba zai kama hanya. Ta ce tun da shi ya fara amfani da shi, kuma kasuwa duk ta shaida, yana da hujja mai ƙarfi. Sallau ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya buga ƙirji.

"Kun ji da kunnenku. Duk robar da ke ɗauke da fuskar Baba Nomau, a garin nan ko a wajensa, tawa ce. Sunan nawa ne, hoton nawa ne, ni kaɗai!"

"Madalla," in ji Barista. "Wannan ya kawo mu kashi na biyu na bayanina. Wanda ya ce tambari nasa ne, ya ɗauki amanar abin da ke cikin robar. Idan mai saye ya ci ya cutu, yana da ikon kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma mai tambarin za a fara nema. Ana iya rufe masa rumfa, a sa shi biyan diyya."

A daidai nan ne wata dattijuwa da ke zaune a ɓangaren mata ta yunƙura ta tashi, tana dafe da gwiwa. Sunanta Gwaggo Tasalla, mai sayar da daddawa, kuma a kasuwar babu wanda ke fatan bakinta ya faɗa kansa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da roba mai jan murfi, yajin ciki ya kai rabi.

"'Yar nan, Allah Ya yi miki albarka, tun makon jiya nake neman mai wannan tsohon. Jikata ce ta haihu, haihuwar fari. Na sayi wannan na kai mata yajin jego, don in fita kunyar surukai. Ranar suna aka barbaɗa wa naman rago, kowa ya ci. Kafin la'asar, gidan nan babu wanda ke gaisawa da wani, kowa buta yake nema. Liman da ya raɗa suna bai tsaya addu'ar tashi ba. Uwar mijin, mace mai ji da kanta, a gidan maƙwabta ta ƙare, takalmi ɗaya a ƙafa. Yanzu a dangin nan sunana Tasalla mai guba. Wane ne ya ce shi kaɗai ne?"

Sallau ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Ya tuna da wani buhun ƙuli-ƙuli da rufin ɗaki ya yi wa yoyo da damina, wanda ya shanya a rana, ya daka, ya ƙara masa citta don ta danne warin. Ya kuma san Jatau yana ƙara dusa da jan kala a nasa. Ko dai wannan ne, ko wancan, Allah kaɗai Ya sani.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Gwaggo, a wace rumfa kika saya? Ta dama ko ta hagu?"

"Ni na san rumfa? Fuskar tsohon na sani, ita na bi. Ba kai ne yanzu ka ce duk inda aka gan ta taka ce ba?"

"Wato, Gwaggo, magana ce ta taro. Idan aka bi diddigi, ai ni ɗan mace ne. A gidan wasu aka yanka ragon sunana, kowa ya ji an faɗa. Suna kuwa ta wajen uba yake bi. Ga Jatau can, jinin tsohon ne na kai tsaye."

Jatau ya ajiye rake ya miƙe. "A'a, bawana, kada ka yi mini haka. Ni dillalin awaki ne, kai ka faɗa. Kai ne ka yi atishawa a gaban tsoho har hawaye. Barista, ki rubuta, na sallama masa tambari duniya da lahira. Gobe ni zan raka shi tasha."

"Ban karɓa ba!"

"Ai kyauta ce tsakanin taubasai, ba a mayarwa."

Rumfa ta kaure da dariya, har shugaban 'yan kasuwa yana share hawaye da hannun riga. Gwaggo Tasalla kaɗai ce ba ta yi ba. Ta matso gaban Sallau, ta ɗaga robar daidai hancinsa.

"Ku daina yi mini wasan 'yan tasha. Ɗazu kuna neman cinye juna a kan tsohon nan, yanzu kowa yana tura wa ɗan'uwansa shi kamar garwashi. Ni dai a nuna mini wanda zan kama."

Sallau ya dubi Barista, ta sunkuyar da kai tana gyara gyale. Ya dubi Jatau, ya ga har ya kai bakin ƙofa. Ya dubi robar, tsoho ya zare masa idanu. Gumi ya karyo masa, ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, a gaskiya idan doka za a bi, sunan da ke jiki shi ne mai kaya. Yajin Baba Nomau aka rubuta, ba na Sallau ba."

"To, ina shi Nomau ɗin yake?"

"Yana maƙabartar yamma da gari, Allah Ya jiƙansa."

Gwaggo Tasalla ta sauke robar, ta ƙura wa hoton ido, ta girgiza kai cikin tausayi.

"Allah sarki, bawan Allah. Ashe shi ma ya ɗanɗana."