Ganyen Da Malam Burtu Ya Zauna A Kai

A wani daji da ke bayan wani tsauni, inda dabbobi suka koyi karatu tun kafin su koyi haƙuri da juna, akwai wata majalisa da ake kira Majalisar Duba Littafi. Ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya take zama. Duk wanda ya rubuta littafi, gabanta zai kawo shi, kuma guda ɗaya tak yake da shi, domin ba a kwafa sai da izini. In majalisa ta yarda, sai a miƙa wa birai su kwafa a raba wa jama'a. In ta ƙi, sai a kai shi suri a bai wa Gara.

'Yan majalisar manya ne masu uzuri da yawa, saboda haka ba wanda yake karanta littafi duka. Raba shi ake yi, kowa ya karanta kasonsa ya zo ya faɗi abin da ya gani. Kason ƙarshe na shugaba ne, don girmamawa. Shi kuwa shugaba ba ya karatu, don kada karatu ya sa masa son kai wajen hukunci. Da yake a ganye ake rubutu, zama yake yi a kan nasa ganyen har a tashi. Marubuci ana barinsa ya zo ya saurara, amma ba ya magana. An daɗe ana haka lafiya lau, domin yawancin littattafan dajin nasiha ce, wadda in ka karanta tsakiyarta ka riga ka san farkonta da ƙarshenta.

Sai ga Ladingo Bushiya da nata littafin.

Ladingo kowa ya san ta da tsoro. Ko busasshen ganye ne ya faɗo kusa da ita, sai ta dunƙule, sai an lallashe ta ta buɗe. Shekara bakwai ta yi tana rubutu a ganyen gamji, da ƙayar jikinta take alƙalami, har gefenta na hagu ya yi sanƙo. Labarin wani zomo ne, Mazawaje, da ya tara samari suka tafi yaƙi da Dodo mai kai tara wanda ya shanye kogi. Ganye arba'in ne, talatin da biyar duk sara ne da suka, da hawa gajimare, da takobi mai aman wuta.

Biyar ɗin ƙarshe kuwa su ne dalilin littafin. Ladingo tana da ƙane, Tanimu, wanda a shekarar fari ya bi samari faɗan tafki da dabbobin wani daji. An ci nasara, an dawo ana waƙa, shi bai dawo ba. Ta rubuta faɗan ne da daɗi don mai karatu ya bugu da shi kamar yadda samarin suka bugu, sannan ya iso inda Mazawaje ya sare kai na tara, kogi ya ɓalle ya fito da gawar duk waɗanda suka bi shi, har da ƙanensa, Mazawaje ya zauna a gaɓa da ƙishirwa ya kasa shan ruwan. Waɗannan ganye biyar su Malam Nomau Burtu, shugaban majalisa, ya karɓa da ladabi, ya shimfiɗa, ya zauna a kai.

Dogara Kura ne ya fara magana.

"Allah gafarta Malam, ni dai tunda nake ban taɓa karanta abu irin wannan ba. Kawuna uku suka faɗi a kasona. Wurin da Mazawaje ya diro wa Dodo a ƙeya daga gajimare, wallahi ban san na miƙe tsaye na ciji reshe ba. Gyara ɗaya gare ni: ƙashin wuya ba haka yake ƙara ba in ya karye, ni na sani. Amma abin da ya ɗaure min kai," ya juyo ya zuba wa Ladingo ido, "wai wannan 'yar dunƙulen ce ta rubuta? Shekara nawa ina wuce ta a hanya ko sannu ban ce mata ba! A kwafa, Malam. A kwafa da yawa."

Ladingo ta ji daɗi, ta kuma ji tsoro, domin ba irin wannan yabon ta zo nema ba.

Tasalla Barewa ta miƙe tana dafe da ƙirji. "Malam, ina neman tsari da abin da idona ya gani. Sau uku ina suma. Sau huɗu na karanta kason nan don in tabbatar da muninsa, kullum kuma sai ya ƙara muni. Ba gaisuwa, ba cin abinci, ba mai tambayar lafiyar wani, daga jini sai jini. Maigidana ya karɓa ya duba, yau kwana biyu da kara yake yawo yana saran ciyawa. In 'ya'yanmu suka ji wannan, gobe da safe za su nufi tafki neman faɗa. Ina darasin? Rayuka sun salwanta kamar ƙudaje, ko guda ba a yi wa kuka ba. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa rasa kowa ba."

Maganar ta soki Ladingo. Ta dubi ƙasan Malam Nomau, ga bakin ganyen nan ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin wutsiyarsa, har tana iya hango rubutunta.

Cindo Hawainiya ya tako a hankali, ya aika ido ɗaya wajen Kura, ɗaya wajen Barewa. Lokacin da Dogara yake magana ja ne shi, yanzu kuma ya yi fari fat. "Gaskiya littafin ya girgiza ni," in ji shi. "Faɗan ya yi yawa, ko da yake ba za a ce ya yi yawa ba. Akwai gwaninta, akwai kuma abin dubawa. Ina tare da Dogara ɗari bisa ɗari, kuma duk abin da Tasalla ta faɗa a bakina ta ɗauke shi."

Malam Nomau ya gyara zama, ganyen suka yi ƙara a ƙarƙashinsa. "To, mun ji. Bisa abin da aka kawo mana, littafin faɗa ne daga farko har inda aka tsaya, kuma ba a ga inda ya dosa ba."

"Allah gafarta Malam, a kansa kake zaune."

Kowa ya waiga wajen marubuciya. Ladingo da kanta ba ta yarda daga bakinta maganar ta fito ba. Jikinta duk yana neman dunƙulewa, amma ta ƙi.

"Kukan da Tasalla take nema yana nan a ganye biyar ɗin da aka ba ka. Don Allah ka ɗan ɗaga a karanta, ko guda ɗaya. Shekara bakwai na yi, Malam, kuma ba ni da wani."

Tasalla ta yi salati. Cindo ya rasa launin da zai yi, ya tsaya rabi-rabi. Tun da aka kafa majalisar ba a taɓa jin muryar marubuci ba, wasu ma sun ɗauka ba su da ita.

"Ai kuwa Malam, da ka ɗan ɗaga," in ji Dogara, "ni ma ina so in san yadda aka yi da kai na tara."

"Shugaba ba ya tashi sai an tashi," in ji Malam Nomau cikin natsuwa. "Shekara ashirin ina kan wannan aiki, ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa zargina da son kai. Ba yau zan ɓata sunana ba. Maganar da aka yi yanzu kuwa, tunda marubuci ba ya magana, majalisa ba ta ji ta ba. A kawo ƙore."

Aka ajiye ƙwarya biyu, ta yarda da ta ƙi. Dogara ya jefa tsakuwarsa a ta yarda, Tasalla a ta ƙi. Cindo ya zo da tsakuwa biyu, ya jefa ɗaya nan ɗaya can, kamar yadda ya saba. Aka yi kunnen doki, hukunci ya koma hannun wanda bai karanta ba. Malam Nomau ya yi ɗan shiru don a ga ya yi tunani, sannan ya ce littafin da ba a ga darasinsa ba, kai shi suri ya fi zama lafiya. Da aka tashi ya miƙe, aka ɗora ganyensa biyar a kan sauran, da ɗuminsu.

A hanyar suri Tasalla ta cim ma Ladingo, ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Ladingo, tsakanina da ke, ya kashe Dodon kuwa? Kwana biyu na kasa kiwo." Ladingo ta kau da kai ta wuce.

Kwana uku ta yi a gindin surin tana jin ƙaramin sautin cin ganye. Ba ta yi kuka ba, mamaki ya hana ta. Ran na huɗu da hantsi wata tsohuwar gara, Iya Barmani, ta fito daga rami tana share baki, ta tsaya gabanta.

"Ke ce mai littafin, 'yar nan?"

"Ni ce, Iya."

"Sannu. Mu aikinmu daga ganyen farko muke farawa, layi-layi, ba ma tsallake, haka muka tarar ana yi. Wajen faɗan nan samarinmu har ture juna suke don sauri. Da muka iso bakin kogin kuwa, suri duk ya yi shiru. Wuni guda ba wanda ya iya haɗiye komai. Wani jikana da kullum yake maganar zuwa yaƙi da tururuwa, tun jiya bai sake ɗaga zancen ba." Ta ɗan matso. "Wa ya rasu miki?"

A nan ne hawayen suka zo. "Ƙanena ne, Iya. Tanimu."

"Allah ya jiƙan Tanimu. Na san da wani, ba a rubuta irin wannan da ka." Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Da mun san haka ƙarshen yake, da mun bar miki shi. Amma mu sai mun ci muke sani. Za ki iya sake shi?"

Ladingo ta shafa gefenta na dama. Ƙayar da ta rage ba za ta kai ganye arba'in ba, ita ma tsohuwar ta gani, ba ta sake tambaya ba. Ta yi mata sallama ta koma rami, domin an ce majalisa za ta sake zama jibi.

Har yau a dajin nan, in ana so a zagi wanda bai san darajar littafi ba, Gara ake ce masa.