Yadda Ake Zama Tsohon Tauraro a Abuja

Ni Hajjo ce, mai ƙosai a Mararaba, ban yi nisa a boko ba. Abin da na sani kan taurari 'yata Muhibba ce ta koya mini, Allah ya jiƙanta, lokacin tana karatun kimiyya. Na auna bayaninta da mahaifinta, Alhaji Zulkifilu, tsohon mijina, babban darakta a wata ma'aikata, na ga ya zauna daram. Ka bi matakan nan, na lamunce maka za ka haska.

Mataki na ɗaya: Kumbura.
Muhibba ta ce idan tauraro ya fara tsufa, kumbura yake yi, ya ninka girmansa. Fara da tumbi. Ƙara da babbar riga da mota mai baƙin gilashi. Kada ka damu da ciki, ta ce yawancinsa iska ce.

Mataki na biyu: Huce.
Yana faɗaɗa yana hucewa, har ya koma ja. Hasken nan da kake gani na girma ne, ba na zafi ba. Kai ma rage ɗumi. Idan 'yarka ta kira ta ce, "Baba, an kwantar da ni a asibiti," ka ce, "Allah ya sawwaƙe, zan leƙo." Kashe wayar.

Mataki na uku: Ƙare mai, kada kowa ya sani.
Man da ke kunna tauraro daga ciki ƙarewa yake yi, zuciyarsa ta ƙanƙance ta yi tauri. Wannan ba ya bukatar ƙoƙari. Kujera za ta yi maka.

Mataki na huɗu: Zubar da na jikinka.
Tsohon tauraro yakan watsar da ɓawonsa a sarari. Nemi mai gadi irin na Alhaji, Elvis, mai tsintacciyar Hausa. Na je ƙofar gidan na ce, "Ɗana, yarinyar ba kuɗi take so ba, fuskar ubanta take so ta gani."

Ya ce, "Mama, kai zauna, Oga yana mitin."

"A gida?"

"Mama, mitin na manya ba ta da wuri."

Na zauna har ƙafata ta yi tsami.

Mataki na biyar: Yi nisa.
Wannan shi ne gwanintar. Wata magariba Muhibba ta nuna mini wani jan tauraro ta ce, "Inna, hasken nan ya daɗe da tasowa, sai yanzu ya iso. Wanda aka haska dominsa ma ya riga ya tafi." Na yi dariya, na ce ƙaryar boko.

A kwanakinta na ƙarshe, ta yi ta kallon ƙofar ɗakin asibiti, duk wanda ya turo sai ta ɗaga kai. Alhaji ya iso ranar sadakar bakwai, da jerin motoci, da buhunan shinkafa, da mai ɗaukar hoto. Unguwa ta haska. Maƙwabta suka ce, "Hajjo, ashe kina da babban mutum!"

Gargaɗi:
Idan ka bi wannan ka fashe, ko ka mutu a hankali babu mai lura, babu ruwana, ƙosai nake soyawa. Idan na yi kuskure a bayanin, mai gyara mini tana maƙabartar Mararaba. Yanzu ba ta jiran kowa.