Wanda Ya Yi wa Gawa Liƙi a Dubai

Wallahi wannan ba labarin "an ce" ba ne. Da idona na gani, waɗannan biyun, tun kafin na hagun ya fara yana. Kai Salmanu, ajiye wayar nan ka saurara.

Wani mutum ne, ɗan garinmu Kano, yana ɗaurin kaya a wani ofishin kago a unguwar Port Saeed, can Dubai. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu muna gaisawa. Sai ya ga wata bazawara 'yar Zangon Kumasi, Hamidatu, ya ce shi fa sai ita. Ita kuwa a wani katafaren gidan wasa take aiki, ita ke nuna wa mutane kujerunsu da 'yar tocila.

Wata shida yana sintiri unguwarsu, Al Karama. Turare, atamfa, dabino. Rannan ta ce, "Alhaji, ina sonka shwaiya, ɗan kaɗan dai. Amma yayana Iddi ya ce kai baƙauye ne paa, na ƙarshe."

Ya ce, "Ni? Shekarata tara a Dubai!"

Ta ce, "To ga tikiti biyu. Asabar bayan Azahar akwai rawar bale a wurin aikina. In ka zauna ka tashi ba ka ba ni kunya ba, turo manyanka. In ka ba ni kunya, khalas, an gama."

"Mene ne kuma bale?"

"Rawar manya ce. A fadar sarakunan Italiya ta fara, shekaru wajen ɗari biyar. Ta wuce Faransa, har sarkinsu da kansa ya taka. Daga baya Rasha suka ɗauka suka ƙware."

"Sarki da kansa? Fadawa suna ina suka bar shi?"

Ta ce, "Bar wannan. Sharaɗi uku ne. Ba magana, ba ciye-ciye, ba waya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Sai ga shi wurina, don kowa ya san ni na zaga duniya, Mosko ma saura kaɗan in je. Ya ce, "Baba, rawar sarakuna ce fa. Yaya ake yi?"

Na ce, "Rawa ai rawa ce. Ka taɓa zuwa wurin rawa hannu rabbana?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye!"

Ya je ya samo canji, sababbi ƙal, ya cika aljihun babbar riga. Ya ba ni tikiti ɗaya.

Muka shiga. Sanyi kamar cikin firji. Hamidatu ta haska mana kujera, ta haska fuskarsa, ta ɗaga masa yatsa uku. Ya gyaɗa kai.

Muna zama ya leƙa gaba. Makaɗa sun fi arba'in, an zuba su a wani rami gaban dandamali. Duk goge, babba da ƙarami, ko kalangu ɗaya babu. Ga wani a tsaye a kansu da 'yar tsumagiya yana kaɗa musu.

Ya raɗa mini, "Baba, laifin me suka yi?"

Na ce, "An ce ba magana."

Ya ce, "Raɗa ba magana ba ce."

Aka ja labule. Rawa uku ce a jere. Wasan farko irin na da ne, 'yan mata cikin dogayen fararen riguna kamar gidan sauro. Dukansu a kan babban yatsa, ɗas-ɗas-ɗas.

"Baba, ƙasan zafi ne da shi?"

"Kankare ne, wataƙila ya sha rana."

Na biyu na zamani ne. Ba labari, ba gidan sauro, kaya sun ɗame jiki, sai birgima da miƙa kamar an tashi daga barci. Mutuminku ya ce astagfirullah, ya rufe fuska da hula. Amma na ga ya bar 'yar kafa.

Na uku shi ne na Rasha. Wata yarinya ta fito, siket ɗinta a sandare kamar faifai. Ta kama juyi a kan ƙafa ɗaya kamar katantanwa. Wani saurayi ya ɗaga ta sama da hannu, ko nishi bai yi ba. Aka yi tafi. Ta sake. Aka sake tafi.

Nan mutuminku ya fara gumi a cikin sanyin nan.

"Baba, ka lura? Tun da muka zauna ba wanda ya tashi ya manna musu ko ficika. Ga Larabawa, ga Turawa, kowa da agogon zinare. Sai tafi! Tafi ake ci?"

Na ce, "Uhm."

"Dubi haƙarƙarinta! Shi ya sa ya ɗaga ta kamar jakar hannu. Kai! Na gano ma abin da ya sa suke ɗage a kan yatsa. Leƙe suke, ko za su hango mai liƙi!"

Na ce, "Kai dai akwai ƙwaƙwalwa."

Ban rufe baki ba sai kiɗa ya yi sanyi. Yarinyar nan ta fara tangaɗi. Ta miƙa hannu, ta dafe ƙirji, ta sulale ƙasa. Saurayin ya durƙusa a kanta. Wuri ya yi tsit. Wata Baturiya kusa da mu tana share hawaye.

Ya ce, "Innalillahi! Yunwa ta kayar da ita!"

Na ce, "Ni dai ban ce ka tashi ba."

Ai kafin in ƙarasa ya tsallake gwiwa goma sha biyu. Hamidatu ta haska shi, ya ɗauka hanya take nuna masa. Ya bi matattakalar gefe, sai ga babbar riga a tsakiyar dandamali.

Ya ce, "Yarinya, tashi! Kano ta iso!"

Ya zaro takarda ya manna mata a goshi. Kun san sabon dirhami, leda ne. Sulɓ, ya zame. Ya sake, ya zame. Sai ya ɗan tofa masa yawu, ya danna da babban yatsa. Ya zauna daram.

Ya juya ga saurayin, ya manna masa biyu. "Kai ma ungo, ka sayi wando." Ya watsa sauran cikin rami. "Na rami, ku ma ga naku!"

Gawa ta buɗe ido ɗaya, ta duba goshinta, ta mayar ta rufe.

Ashe ƙarshen wasan ke nan. Yarinya ta miƙe tsaye don ta gaida jama'a, aka ɓarke da tafi kamar ruwan ƙanƙara. Mutuminku ya ɗaga hannu yana jinjina, yana cewa, "Ba komai, ba komai, yi wa kai ne."

Masu gadi biyu suka zo, ƙarti. Ɗaya ya kama hammatar dama, ɗaya ta hagu, yalla, sai waje. Yatsunsa kawai ke taɓa ƙasa, ɗas-ɗas-ɗas. Wallahi duk cikin 'yan rawar nan ba wanda ya kai shi iyawa.

To, tsakani da Allah, maganar gawa ta buɗe ido ɗaya, wannan ni na ƙara. Amma abin da aka yi a ƙofar baya, da kunnena na ji.

Hamidatu ta fito da tocilarta. Ta ce, "Alhaji, ka kashe ni!"

Ya ce, "Na yi magana a zaune? Raɗa na yi. Na ci wani abu? Na taɓa waya? Rai fa na ceto! Mutum dubu suna kallo ta faɗi, ina manna mata ta tashi!"

Ta ce, "Aikinta ke nan! Kullum sai ta mutu! Ran Asabar ma sau biyu!"

"Kullum? Kina ina?"

"Ina tsaye a bakin ƙofa mana."

"Me kike yi?"

"Tafi nake yi, kamar kowa! Kada ka turo kowa gidanmu. Khalas!"

Ya kakkaɓe hularsa, ya kafa ta a kai. Ya ce, "Alhamdulillahi da na gani tun yanzu. Ashe ranar da na faɗi a tsakar gida, tafi za ki yi mini."