Yaƙin Karɓo Tsanin Malam Shu'aibu

Wannan shi ne tarihin Malam Shu'aibu ɗan Ilu, jikan Barau Mai-Garma, tattaɓa-kunnen Tanko wanda aka ce ya taɓa korar kura da murfin tukunya. Shu'aibu sadaukin Unguwar Dutse ta Funtuwa, garkuwar layin bayan masallaci, gwarzon matarsa Ladidi, ma'abocin tsani mai hawa goma sha biyu wanda babu irinsa tun daga bakin kasuwa har tashar mota.

Masana harshe sun yi ittifaƙi cewa aro shi ne ka karɓi abu, ka yi amfani da shi, ka mayar da shi shi kansa, ba madadinsa ba. Amma malaman Unguwar Dutse sun yi wa kalmar wani sharhi, inda suka tabbatar da karɓar, suka ƙarfafa amfanin, suka bar mayarwar ga ranar da Allah ya nufa.

A wata Laraba ta farkon damina, iska ta ɗaga kwano ɗaya daga rufin ɗakin Ladidi, daidai saman keken ɗinkinta da atamfofin wani biki da za a yi ranar Juma'a. Ta leƙa sama, ta ga gari ya fara haɗuwa ta gabas.

"Malam," in ji ta, "in ruwa ya taɓa kayan mutane, kai za ka yi musu bayani."

Sadauki ya miƙe ya nufi zaure, ma'ajiyar makamansa, bai tarar da komai ba sai inuwar tsani a jikin bango. Nan ya tuna cewa Ɗan'asabe mai gyaran rediyo ya are shi na minti biyar, kuma tun daga waɗannan mintuna biyar an yi azumi biyu. Sai ya gyara zaman hula, ya zura silifa, ya yi shelar yaƙi da muryar da ta firgita kajin tsakar gida: "Yau tsanina zai kwana a gida."

Sansani na farko shi ne shagon Ɗan'asabe. Wannan barde bai ko ɗago daga rediyon da ya farke wa ciki ba, ya ce ai tuni Hajiya Kande ta ara, za a tsinko mata mangwaro. Jarumi ya haɗiye jawabin da ya tsara tun daga gida, ya ƙetare kwalbati biyu da kwata mai faɗin da ya isa a ba ta suna, ya yi sallama a ƙofar Hajiya.

"Tsanin Ɗan'asabe kake nufi?" ta tambaya daga bayan labule. "Sale mai fenti ya ara."

Marubuta tarihi sun ce a duk wannan yaƙi babu saran da ya shige shi kamar wannan, domin tsani ya sauya uba yana raye. Duk da haka bai ja da baya ba. Ya ratsa iska mai ɗauke da leda da ganyen darbejiya, silifarsa ɗaya ta tsinke a fagen fama, ya riƙe ta a hannu kamar tuta, har ya cim ma Sale yana dama fenti. Sale ya ce tsanin Hajiya kam ya yi masa aiki, har ya shafa masa kore don godiya, amma jiya wani dattijo ya ara, Alhaji Mamuda na bayan asibiti.

A nan ne sadauki ya sassauta taku, domin Alhaji Mamuda shi ne mahaifin Ladidi.

Ya isa ya tarar da surukinsa a kan buzu a ƙofar gida, ga tsani jingine da katanga, kore shar, hawa ɗaya ya ɓace, an ɗaure wani da igiya. Jikan Barau ya tuɓe silifar da ta rage, ya durƙusa, ya gaishe da Alhaji, ya tambayi gida da gona da ciwon ƙafa, ya sake tambayar ciwon ƙafa. Aka yi tsawa. Ya buɗe baki don ya bayyana haƙƙinsa da nasabar tsaninsa tun daga ranar da kafinta ya buga ƙusar farko, sai abin da ya fito ya zama:

"Baba, ko za a ara mini tsanin nan?"

Alhaji ya dube shi, ya dubi tsani. "Na Sale ne, ba nawa ba, kuma ba na son ba da kayan mutane. Amma tunda kai ne, ɗauka. Ka dawo da shi kafin magariba."

Haka gwarzo ya saɓo ganima a kafaɗa, ya keta unguwa ƙafa ba takalmi, ya hau rufi ɗigon farko na sauka a ƙeyarsa, ya buga ƙusa huɗu, uku a kwano, ɗaya a babban yatsa. Atamfofi suka tsira, biki ya tsira, Ladidi ta ce sannu.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba ya sake saɓar tsani ya koma bayan asibiti, rigarsa na ɗiga, ya jingine shi inda ya ɗauka. Alhaji ya ƙirga hawan da idonsa, ya gyaɗa kai.

"Madalla. A garin nan kai kaɗai na gani mai mayar da aro. Duk ranar da kake buƙata, ka zo ka ara."

Malam Shu'aibu ɗan Ilu, jikan Barau Mai-Garma, ya durƙusa cikin taɓo ya ce, "Na gode, Baba."