Gawayin Saratu da Tuwon Baƙuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na dafa tuwo da karatun ɗiyata. Ko yanzu in na tuna, sai kunya ta sake kama ni.

Autata Saratu ta gama digiri na biyu, ta dawo gida Gummi tana neman gurbin digiri na uku a wata jami'a. Guraben kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma sai mutum ya nuna abin da ya gwada da hannunsa. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wai tsiro yana zuƙe wata iska mai ɗumama duniya. In an ƙone shi a fili, iskar ta koma sama. In kuwa aka gasa shi a rufe cikin durom ya zama gawayi, aka binne a gona, to an kama iskar ke nan, ƙasa ma ta amfana. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa "Allah sarki" (gaskiya rabin hankalina yana kan shinkafar da na shanya, kaji na ta zagaye).

Wata huɗu yarinyar nan tana fama. Ta kwaso buntun shinkafa a nan Gummi, ta je Gwashi neman karan dawa, aka aiko mata ɓawon gyaɗa daga Anka. Ta gasa, ta dunƙula kamar dawo, ta zuba a ƙananan buhuna uku ta jera a ɗakin ajiya.

Sai aka ce malamar da za ta duba aikin za ta biyo ta gani da idonta. Ranar kuwa aka kwana ana ruwa, itacena ya jiƙe sharkaf. Saratu ta tafi tasha tarbo ta. Ni kuma na hura, na fifita, na yi hawaye, wuta ta ƙi. Baƙuwa daga jami'a, a ce ta zo gidana ba a ɗora tukunya ba?

Na leƙa ɗakin ajiya, sai ga buhuna. Kowanne da takarda. Na tsaya na karanta a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci: Gummi, Gwashi, Anka. Har da jin daɗi na yi, na ce kai, karatu ya yi rana. Ban da haka akwai wasu lambobi a ƙasa, waɗannan na ce ba da ni suke ba. A raina na ce ɗan kaɗan zan ɗiba.

Na Gwashi ya ci fal-fal ya ƙare. Na ƙara na Anka. Miyar kifi ba ta nuna ba, na juye na Gummi.

Malama ta iso, mace mai fara'a, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ci tuwon shinkafa har da ƙari.

"Inna, na daɗe ban ci tuwo irin wannan ba," in ji ta.

Da na yi shiru, da ko an ɗan jinkirta kunyar. Amma bakina ya buɗe: "Ai albarkar gawayin ɗalibarki ce, Malama. Ko hayaƙin kirki ba ya yi."

Saratu ta ajiye butar da ke hannunta. "Inna, wane gawayi?"

"Na ɗaki mana."

Ta shiga, ta fito da buhuna uku suna lilo. Ta dube su, ta dubi murhu. "Inna, mi kika yi?" Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

Malama ta wanke hannu, ta je ta tsuguna gaban murhuna ta daɗe tana kallon toka. Sannan ta ce, a hankali, "To Inna, iskar da ta yi wata huɗu tana kamawa, kin sallame ta kafin azahar."

Na ja mayafi na rufe fuska. Ni da na aurar da 'ya'ya huɗu, na rasa inda zan sa kaina a tsakar gidana.

Babu abin aunawa, gurbin bana ya wuce Saratu. Malama ta ce ta ga durom, ta ga rubuce-rubucenta, ta sake nema baɗi, za ta tsaya mata. Yarinyar ba ta yi mini faɗa ba. "Ba komai, Inna," kawai ta ce, ta ɗauki kwanuka ta tafi wanke-wanke. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni ke raka ta injin casar shinkafa kwasar buntu, da ciwon gwiwata da komai. Matan unguwa in sun gan ni da buhu sai su ce, "Innar Saratu, yau wace jami'a za a dafa?" In yi murmushi in wuce.

Na dai gane cewa iya haɗa baƙi daban, sanin abin da takarda ke nufi daban. Ɗakin ajiya kuma yanzu da kwaɗo. Ni na saya, ni na kulle, na miƙa mata makullin, na ce ko na roƙa kada ta ba ni.