Ranar da Aka Kama Ni da Farantin Ƙosai a Tremont

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Juma'a a New York, ranar da mutanen da nake wa limanci suka same ni a bakin titi, farantin ƙosai a hannu ɗaya, dala a ɗaya hannun. Yanzu ina iya ba da labarin har in ɗan murmusa. A ranar kuwa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata ƙungiyar wa'azi ce ta tura ni daga Zariya in yi 'yan watanni a wani ƙaramin masallaci a unguwar Tremont, ina jan salla ina koyar da karatu. Izinin tafiyar ya fito ne ba da daɗewa da rasuwar matata Rabi ba. 'Yan'uwa suka ce in ɗaga. Na ce aikin Allah ba ya jira, na kai yara wurin yayata, na hau jirgi. (Gaskiyar magana, ɗakinta nake gudu, da daddumarta da ke ninke a inda ta bar ta.)

Da na isa ban gaya wa kowa ba. Mutanenmu kuwa ba sa gaisuwa su tsallake iyali. "Malam, ya mutan gida? Ya uwargida?" Sai in ce, "Alhamdu lillahi," in sa kai masallaci. A ganina zaman makokin da na yi a Zariya ya ishe ni, ba sai an sake shimfiɗa mini tabarma a ƙasar mutane ba.

Ɗakin da aka ba ni a saman masallacin yake, tagarsa na kallon titi, kuma a jikinta nake cinye yawancin hantsina. Akwai Isuhu, mutumin Maraɗi, mai teburin huluna da safar hannu da wayar caji. Idonsa ɗaya na kan kaya, ɗaya na kan kwana, don ya ce motar 'yan sanda ba ta sallama. Akwai wata mata mai yanka mangwaro tana barbaɗa masa gishiri da barkono. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma kullum sai mun ɗaga wa juna hannu. Sai Mma Hawa, dattijuwa 'yar zangon Kumasi, da take turo kokonta da ƙosanta cikin kula a keken kanti. Direbobin tasi da matan da ke aikin kula da tsofaffi a gidaje, duk wurinta suke karyawa a tsaye.

Ƙosan nan nata shi ya jawo mini. Rabi tana da wata al'ada: duk Juma'a da safe takan soya ƙosai ta ajiye a zaure, wanda ya zo wucewa ya ɗiba, ta ce ladan na iyayenta ne. Kafin rana ta yi zafi faranti ya zama wayam. Tun da ta rasu ba wanda ya soya mata ko guda. Duk sanda ƙamshin na Mma Hawa ya hauro tagata sai abin ya tsaya mini a ƙirji, har na yanke shawarar zan yi wa Rabi abin da take yi wa nata.

Sai dai in na ajiye a masallaci za a tambaya, "Sadakar wa?" Don haka na yi dabara (irin dabarar da mutum ke yi in bai shawarci kowa ba): zan kai can bakin tashar jirgin ƙasa, in raba wa waɗanda ba su san ni ba.

"Mma, na yau duka nake so," na ce mata.

"Duka? Ei, Malam! Ko uwargida ce ta sauka ba ka gaya mana ba?"

Na yi yaƙe. Ta juye mini a babban farantin alminiyam tana tsokanata, wai in ci a hankali kada huɗuba ta gagare ni.

Na tsaya a bakin matakalar da ake gangarawa tashar, babbar riga a ciki, jaket a sama. Turancina na makaranta ya gudu ya bar ni da kalma ɗaya. "Firi," nake cewa, wato kyauta. "Firi, firi."

Jama'a, ashe a garin nan ba a karɓar abinci a hannun wanda ba a sani ba. Mutane na ta kwarara kamar ruwa, suna kauce mini kamar dutse. Wani ya zare abin kunnensa, ya dubi ƙosan, ya dube ni, ya mayar. Wata ta janye ɗanta gefe. Masu kirkin ciki su ne suka ce "No, tankiyu" ba tare da sun rage sauri ba. (Wani kare ne kaɗai ya nuna sha'awa ta gaskiya, shi ma uwar ɗakinsa ta fizge shi.)

Iska na kaɗawa, ƙosai ya huce, mai ya fara daskarewa. Na san ba su san Rabi ba, ba su da laifi. Amma duk wanda ya kauce sai in ji kamar ita aka ƙi. Mutum ɗaya kawai nake nema ya miƙo hannu, in ce a raina, Allah ka kai ladan kabarinta.

Can sai ga wata tsohuwa baƙar fata tana dogara sanda. Ta tsaya, ta ɗauki guda, ta gutsura, ta gyaɗa kai. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara addu'ar. Kafin in kai ƙarshe ta zaro dala ta ɗora a kan farantin, ta kama gangarawa.

Na bi ta da faranti ina kira, "Baiwar Allah! Baiwar Allah, ba na sayarwa ba ne!" (Da Hausa, don Allah ku ji.) Ta ɗago mini hannu ba ta waiwayo ba, ta goga katinta na shiga tashar ta shige. Ni ba kati. Na juyo na hauro ina haki, faranti a dama, dala a hagu.

A saman matakalar Alhaji Mumuni ne tsaye, shugaban kwamitin masallaci, mutumin Ankara ta Gana, ya faka tasinsa. Dattawa biyu na sahun gaba suna leƙowa ta taga.

"Malam?" ya ce. Ya dubi farantin, ya dubi dalar. "Innalillahi. Limaminmu, talla? Ranar Juma'a?"

"Alhaji, ba haka ba ne."

"Me muka rage ka da shi? Abinci ne ba ya isa? Ka faɗa mini, ni yayanka ne. In labarin nan ya kai Zariya, da wane ido za mu dubi waɗanda suka ba mu amanarka?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ko lasin ba shi da shi, Alhaji. In 'yan sanda suka kama shi, wa zai hau mumbari?"

Na buɗe baki in kawo wani uzuri. Abin da na yi watanni ina haɗiyewa shi ya fito.

"Sadaka ce. Matata ce ta rasu, kafin in taho."

Alhaji Mumuni ya karɓi farantin daga hannuna, ya buɗe mini ƙofar gaba ta tasin. Muka koma masallaci.

Mma Hawa na ɗaure kayanta ta ga ƙosanta ya dawo. Alhaji ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta saki igiyar, ta zo gabana, idonta ya kawo ruwa.

"Malam, ka bar ni ina maka wasa da zancenta? Kullum ina tambayarka ita, kana ce mini alhamdu lillahi? Mu ba mutane ba ne?"

"Ki yi haƙuri, Mma."

"Ni ce zan ba ka haƙuri, ɗana. Ya sunanta?"

"Rabi."

Rabon da in faɗi sunan nan a fili tun a Zariya.

Bayan an sallame Juma'a Alhaji ya tashi ya sanar. Abin da na tsallaka teku ina gudu ya same ni a zaune: aka yi layi, 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, kowa na riƙe hannuna. "Ya haƙuri, Malam? Allah ya jiƙan ta." Isuhu ya bar teburinsa ba mai tsaro ya shigo layi. Na yi ta amsawa har murya ta ƙi, sai kai kawai nake gyaɗawa.

Mma Hawa ta ajiye farantin a bakin ƙofa, wurin takalma. Ƙosai ya sandare, ba daɗi ko kaɗan, amma duk wanda ya fito sai ya ɗauka ya ambaci Rabi. Har mai mangwaro an kai mata. Ta ci, ta dafa ƙirjinta daga tsallaken titi. Kafin in sa takalmina faranti ya zama wayam, kamar a zaurenmu.

Dalar tsohuwa na jefa ta a akwatin masallaci, da niyyar ladan su raba ita da Rabi. Har na bar garin, duk Juma'a Mma Hawa takan ware ƙosai a gefe ta ce na Rabi ne, Alhaji Mumuni kuma in ya so tsokanata sai ya tambaye ni ya kasuwa.

Abin da na koya bai da yawa. In mutuwa ta shiga gidanka, gaya wa mutanenka, ka zauna su yi maka gaisuwa ko da ba ka so. In kuwa ka nace sai ka kai sadakarka bakin tashar New York, to ka tafi da canji.