Magen Kaka Ta Daina Amsawa

"Lafiya lau, angon banza. Bar gaisuwar nan, me likitan ya ce?"

Kaka ce ke tambaya, idonta na kan kwalin da jikanta tela ya rungumo daga wurin likitan dabbobi, magenta na ciki. Tun rasuwar mijinta, magen nan ce abokiyar hirarta, kome ta faɗa sai ta amsa mata. Kwatsam shekaranjiya muryar magen ta dushe, sai ta wage baki iska kawai ke fita. Hankalin tsohuwa ya tashi matuƙa, amma a gaban wannan ja'irin ba za ta nuna ba.

"Ranki ya daɗe, cewa ya yi surutunki ne ya cinye mata murya."

"Ƙarya kake, mai kan gwangwani!"

"Allah kuwa. Ke ki ba da labari tun safe har yamma, ita ta yi ta amsawa. Ko rediyo ai ana kashe shi ya huta."

"Yo kai da ɗinkinka hannun riga ɗaya ke fin ɗaya tsawo, yaushe ka san aikin likita?"

"Hannuwanki ne ba daidai ba, amarya."

"Sake ni mana in huta!"

"Wa zai kwasa? Haƙori biyu, su ma ba sa ga maciji da juna."

Ta rarumo mafici ta kai masa duka, ya goce. Mage ta fito daga kwali, ta haye cinyarta, ta buɗe baki shiru. Nan fa muryar Kaka ta yi ƙasa.

"Don Allah faɗa mini gaskiya. Mutuwa za ta yi?"

"Babu inda za ta. Maƙogwaronta ne ya kumbura. Maganin sauron da kike kunnawa a ƙarƙashin gado, inda take kwana, ga taga a rufe, hayaƙinsa ne. Ya ba da magani, ya ce abinci mai laushi, a bar ta ta huta. In numfashi ya yi mata wuya, a mayar da ita da gaggawa."

Kaka ta sauke ajiyar zuciya, nan take bakinta ya dawo.

"Wa ya kawo mini maganin sauron?"

Tela ya hau sosa ƙeya.

"Au, ka yi shiru? Kai ma taka muryar ta dushe? Ka turo maganin kwali guda da ɗan acaɓa don kada ka tako ƙafarka, ka bar ni da mage, yanzu ita ma ka rufe mata baki. To wa zai amsa mini?"

Ya yi dariya, amma maganar ta shige shi. Ya zaro gidan sauro sabo dal daga jaka ya ajiye mata, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Na faɗi, tsohuwa. Na karɓi aikinta har ta warke. Fara labarin."

"Ita dai ba ta katse ni."

"Miyau," in ji tela.